Wasiƙun Gidan Waziri Buhari da Littafin Backwell

A cikin shekarar 1927 Ma'aikatar Ɗab'i ta Gwamnati da ke Ikko ta buga wani ɗan littafi na Turanci mai suna The Occupation of Hausaland 1900-1904, watau labarin yadda Turawa suka ci ƙasar Hausa. Wanda ya shirya shi wani Baturen mulki ne, ana ce da shi H. F. Backwell. Abin da ke cikinsa kuwa fassara ce ta wasiƙun Larabci fiye da ɗari, waɗanda aka iske a gidan Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari bayan da Turawa suka shiga birnin ran 15 ga watan Maris, 1903. An sake buga shi a Ingila cikin 1969. Tun fitowarsa da wuya a sami mai rubuta tarihin zuwan Turawa wanda bai ɗebi ruwa a wannan rijiya ba, saboda haka ya kamata a leƙa a ga zurfinta, a kuma ga abin da gugan ya bari a ƙasa.

Alherin littafin ba ƙarami ba ne. Kafin fitowarsa, wanda ke son labarin shekarun nan a rubuce galibi sai ya nemi rahoton Gwamna Lugga da na hafsoshinsa, watau bakin wanda ya ci yaƙi. A nan kuwa sai ga sarakuna suna magana da junansu, ba su san wani baƙo zai karanta ba. Ga Lamiɗon Adamawa Zubairu yana ba Sarkin Musulmi Abdurrahman labarin yadda Nasara suka faɗa wa Yola a 1901 har ya fita ya bar garin. Ga Sarkin Kano Aliyu yana rubuta wa Waziri cewa shi bai ga wata dabara da ta fi a tashi a bar ƙasar gaba ɗaya ba, tun da ya ke an kewaye Musulmi ta kowace fuska. Wanda ya karanta wannan ba zai ƙara yarda da masu cewa sarakunan nan barci su ke yi aka zo aka same su ba. Sun ga Kwantagora da Bida sun faɗi a farkon 1901, sun ga Bauci a 1902, suna ƙirga kwanakinsu. Shawarar hijira da Sarkin Musulmi Attahiru ya bi har ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli, 1903, ba a ranar da aka ci Sakkwato ta faɗo masa ba, an daɗe ana juya ta a takarda. Shi Aliyu kuwa yana kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato aka ci Kano a bayansa ran 3 ga Fabrairu, ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi cikin ƙasar Zamfara.

To, amma wasiƙa ba magana ce kaɗai ba, abu ce mai jiki. Kafin a faɗi abin da littafin ya rasa, sai a fara duba yadda Turawa su kansu su ke ɗaukar wasiƙar sarki.

A ƙasashen Turai akwai mutane waɗanda sha'awarsu ita ce tara wasiƙun sarakuna da 'ya'yan sarakuna na dā. Suna sayensu a wurin gwanjo da kuɗi masu yawa, su sa a gilashi, su nuna wa baƙi. Abin da su ke biya wa kuɗi shi ne hannu. Wasiƙar da sarki ya rubuta da kansa tun daga farko har ƙarshe ita ce mai tsada. Wadda magatakarda ya rubuta sarki ya sa hannu kurum tana biye. Wadda ba hannun sarki ko kaɗan ba su cika kula da ita ba, ko da abin da ke cikinta ya fi na sauran nauyi. Inda kwaɗayin hannu ya yi yawa kuwa, maƙeran jabu ba su rasa kasuwa. A Faransa wani mutum mai suna Vrain-Lucas ya sayar wa wani babban masanin lissafi, Michel Chasles, takardu wajen 27,000, wai duk na manyan mutanen dā ne, har da wasiƙar Kiliyobatira Sarauniyar Masar. Abin dariya, duk da Faransanci aka rubuta su, a kan takarda, alhali a zamanin Sarauniyar babu Faransanci, takardar ma ba ta zo ba. Sai a 1870 aka yanke wa maƙerin hukuncin ɗaurin shekara biyu. Malamin nan ba jahili ba ne, so ne ya rufe masa ido.

Wanda ya zo ƙasar Hausa da wannan ma'auni zai auna iska. Sarki a nan ba ya zama ya ɗauki alƙalami don ya gai da wani sarki. Yakan faɗi abin da ya ke so da Hausa ko Fulatanci, magatakarda ya zuba shi cikin Larabci, a karanta masa, ya yarda, a naɗe a ba manzo. Sau da yawa ma abin da ke cikin takardar kaɗan ne, sauran zancen yana bakin manzon, takardar shaida ce kurum cewa wannan mutum daga wurin wane ya fito, a saurare shi. Ba rashin ilmi ya kawo haka ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello malami ne mai littattafai da yawa, muhawarar da ya yi da Shehu Laminu na Barno ta wasiƙa tana nan cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, shi ne kuma ya ba Kyaftin Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu a 1824. Al'adar mulki ce, sarki na da mai yi masa rubutu kamar yadda ya ke da mai riƙe masa doki. Abin da ke tsaya wa Sarkin Musulmi ko Shehun Barno a matsayin sa hannu shi ne hatimi, wanda a ke shafa wa tawada a danna a saman takarda.

Tsarin wasiƙun kusan ɗaya ne. A fara da Bisimilla da salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'an nan daga wane zuwa ga wane, da laƙabin da ya dace da kowa: Sarkin Musulmi Amirul Muminina ne, Waziri kuwa Amirul Masalihi. Sai gaisuwa, sai "bayan haka", sai buƙata cikin layi kaɗan, sai sallama. Wani abu guda da ke wahalar da masu tarihi shi ne yawancinsu ba su da kwanan wata. Magatakarda bai ga amfanin sa shekara ba, tun da manzo zai isa cikin kwana goma ko ashirin, wanda aka aika wa kuwa ya san shekarar da ya ke ciki. Ko inda aka ga shekara a jikin hatimi, kada mai karatu ya ruɗu, wannan shekarar da aka sassaƙa hatimin ce. Hatimin Shehu Laminu na ɗauke da 1235 ta Hijira, ya kuwa ci gaba da danna shi shekaru da yawa bayan nan.

Da me ke nan za a gane wasiƙa ta gaskiya ce, a kuma gane lokacinta? Da jikinta. Takardar da aka fi rubutu a kai a ƙarni na 19 daga Italiya fatake ke kawo ta, ta hanyar Tarabulus da Masar, in an ɗaga ta wajen haske sai a ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta, wani lokaci da alamar masana'antar Galvani. Tawadar gida ce, alƙalamin kara ne. Kowane magatakarda da irin hannunsa, wanda ya saba da takardun fada guda yakan gane su kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa, rubutun Barno kuwa ba ya ɓoyuwa cikin na Sakkwato. Bayan duk wannan akwai maƙwabtan wasiƙar, watau takardun da aka iske ta a tsakaninsu cikin gafaka ɗaya. Wasiƙa marar kwanan wata in tana kwance kusa da amsarta, ko kusa da wata da ta ambaci rasuwar wani sarki, ta sami shekara. In aka zare ta ita kaɗai aka sa a gilashi, ta zama marainiya.

A nan ne littafin Backwell ya gaza. Turanci zalla ya kawo, bai jera Larabcin kusa da fassarar ba. Mai karatu ba ya ganin hannun magatakarda, ba ya ganin takarda, ba shi da hanyar da zai gwada ko kalmar da aka fassara da "biyayya" ko "yaƙi" ko "aminci" ita ce ainihin abin da ke cikin asali. Dole ya karɓi abin da aka miƙo masa. Sunan littafin ma ya riga ya juya fuskar mai karatu wajen Turawa, alhali gidan Waziri ba don zuwan Turawa aka tara takardu a cikinsa ba. Ofishin daula ne, inda a ke samun wasiƙun gaisuwa, da na aiko da kyauta da dawaki, da ƙarar iyaka, da rikicin gadon sarauta. Wanda ya san gidan ta littafin nan kaɗai zai zaci sarakunan ba su da wani zance sai Nasara.

Wani zai ce ai zamanin ne, a 1927 ɗab'in Larabci da hoto abu ne mai tsada a Ikko. Gaskiya ne, uzuri ne kuma karɓaɓɓe. Amma akwai wani magatakarda na fadar Masar, Alƙalƙashandi, wanda ya gama babban littafinsa na aikin ofis, Subhul A'asha, a 1412. A ciki ya kwafe wasiƙar da Mai Usman ɗan Idrisu na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙu a 794 ta Hijira, wajen 1391, yana ƙarar waɗansu Larabawa da ke kama mutanensa suna sayarwa. Bai tsaya ga kwafe maganar ba, sai da ya faɗi yadda takardar ta ke, cewa mai kusurwa huɗu ce, rubutun irin na Magariba ne, layi na bin layi ba a bar gefe ba. Asalin ya ɓace tuntuni, amma saboda wannan ɗan bayani an san irin hannun da fadar Barno ke rubutu da shi shekara 600 da suka wuce. Ba shi da injin hoto, ido ne da sanin aiki.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce wadda ba ta kashe kowa. Akwai wasiƙa guda da ta nuna nauyin al'amarin. Gwamna Lugga ya ce wajen watan Mayu na 1902 ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, gajeruwa, mai zafi, wadda ma'anarta ita ce bai yarda wani Bature ya zauna a ƙasarsa ba, babu kuma abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Lugga ya buga fassararta cikin rahotonsa, ya kuma kafa hujja da ita a gaban manyansa na Ingila, waɗanda ba su ɗokin yaƙin, cewa Sakkwato ce ta fara yanke zumunci. A kan wannan hujja da waɗansu irinta rundunar Kanar Morland ta tashi. A 1964 wani tsohon Baturen mulki, D. J. M. Muffett, ya fitar da littafi mai suna Concerning Brave Captains, ya ce ya nemi asalin Larabcin wasiƙar bai same shi ba, ya kuma nuna Lugga ya yi jinkirin sanar da ita. Daga nan ya sa shakka, ko an karkatar da fassarar, ko kuwa amsa ce ta wata tsohuwar takarda aka ba ta sabon lokaci. Waɗansu masana ba su bi shi ba, suka ce abin da ke cikinta ya yi daidai da halin Abdurrahman, wanda ba banza aka yi masa laƙabi da Ɗanyen Kasko ba, ya kuma yi daidai da abin da shari'a ta ɗora wa Sarkin Musulmi. Hujjar waɗannan tana da ƙarfi, don mutumin da aka tuɓe masa sarakuna aka naɗa waɗansu ba da izninsa ba, ba a sa ran ya aiko da godiya. Amma gardamar ba ta mutu ba, dalili kuwa ɗaya ne: da takardar na nan, da hatiminta, da hannun magatakardanta, da malami ɗaya ya raba ta kafin a kira la'asar. Sarkin da aka jingina wa maganar ya rasu a watan Oktoba na 1902, bai ga yaƙin ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Akwai wata gazawa kuma wadda ba laifin Backwell ba ce, halin kowane gidan ajiya ne. Abin da ke taruwa a gidan Waziri galibi abin da ya shigo ne. Abin da ya fita yana can inda aka aika shi. Saboda haka littafin rabin zance ne, kamar mutum ya tsaya bayan danga yana jin muryar mutum ɗaya cikin masu hira biyu. Ɗaya rabin, in ya tsira, yana gidajen sarauta da na alƙalai da limamai a garuruwan da manzannin Sakkwato ke sauka.

Wannan ya shafi yammacin Zamfara ƙwarai. Tun da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen 1762, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zauna a Anka. Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, jama'arsa kuma ta zauna a Sabon Gari a 1805, aka fara da abuta aka ƙare da faɗa. Amma labarin wannan saɓani, da na zaman da ya biyo baya tsakanin Sakkwato da garuruwan Zamfara, wani lokaci lafiya wani lokaci tawaye, kusan duk daga alƙalamin mutanen Sakkwato aka san shi. Littafin da ya ɗauko tarihin daga bakin Zamfarawa kuwa, na Kurt Krieger wanda aka buga a Balin a 1959, da Jamusanci ya ke, mutanen da aka rubuta shi a kansu ba su iya karanta shi. To, duk wata takarda mai hatimin Sarkin Musulmi da ta rage a gidan Sarkin Zamfaran Anka, ko Sarkin Mafaran Gummi, ko Sarkin Dankon Bukkuyum, tana iya nuna da wane laƙabi a ke kiran sarkin, da me a ke nema daga gare shi, da ko umurni a ke ba shi ko lallashinsa a ke yi. Har ƙananan garuruwa irin su Tungar Guru ba a raina su ba cikin wannan al'amari, domin takardar naɗin hakimi ko ta raba gardamar gona ba ta zaɓen babban gari, gidan wani liman ma takan kwana shekara ɗari.

Waɗanda suka zo bayan Backwell sun gyara hanya. A 1959 A. D. H. Bivar ya buga waɗansu takardun Larabci na Arewa tare da hotunansu, ya yi bayanin hatimai da irin rubutun. Murray Last ya zauna a Sakkwato ya yi karatu a gaban Waziri Junaidu, ɗan shi Waziri Buhari, ya ga takardun a gidansu, littafinsa The Sokoto Caliphate ya fito a 1967. Abin lura a nan shi ne gidan. Zuriyar Waziri Giɗaɗo ce, mijin Nana Asma'u, kuma da aka ci Sakkwato Waziri Buhari bai bi hijira har ƙarshe ba, ya komo, ya rubuta risala yana bayyana wa malamai dalilin da ya sa ya zauna da Turawa don kare jama'a. Ana iya yarda da dalilinsa, ana iya ƙi, amma zaman nan nasa shi ya sa gidan bai watse ba, takardu suka sami mai gadonsu wanda ya san su. Waziri Junaidu ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ma'ajiyar tarihi ta Jihar Sakkwato ma sunansa ta ke ɗauke da shi. Akwai kuma Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato su ke, da Gidan Arewa wanda aka kafa a 1970.

Takardun da ke gidajen mutane su ne ba su da mai tsaro. Abokan gābarsu na dā suna nan, gara da yoyon damina da gobarar hunturu, da magajin da ya buɗe adaka ya ga tsohuwar takarda bai san ta ba. Waɗansu sukan manna mata salatif don ƙauna, su kashe ta, gam ɗin ya cinye tawadar. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa, wanda aka tasa da dare da 'ya'yansa ya ke gudu, ba da gafaka ba. Sa'an nan ga dillali, wanda ya fi gara ɓarna ta wata fuska, domin gara in ta ci takan ci duka a san an yi hasara, shi kuwa sai ya zaɓi mai hatimi ya bar sauran, ya raba ta da maƙwabtanta, ya ɓoye sunan gidan da ta fito don kada a bi sawu. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta sa rubutun hannu da takardun ƙasar nan da aka yi kafin 1918 cikin abin da ba a fitarwa waje sai da izni, ba a kuma cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta yarda da shi. Amma doka ba ta shiga ɗakin kowa ta duba adaka.

Abin da Backwell bai samu ba yanzu yana aljihun kowane saurayi. Wayar hannu tana ɗaukar hoton takarda gaba da baya, da hatiminta, har da jinjirin watan in an ɗaga ta wajen haske, ba tare da ta bar gidan masu ita ba. Sharaɗin kurum a ɗauke su bisa jerin da aka iske su, a rubuta gidan da garin da sunan wanda aka gada daga gare shi. Littafin 1927 kansa yana bukatar a sake shi bisa wannan tsari, kowace wasiƙa da hoton asalinta inda ya samu, da Larabcin a buge, da fassarar Hausa a gefe, Turancin ya zo daga baya. A Gummi da Anka akwai malaman zaure waɗanda ba su iya karanta shafi ɗaya na Backwell, amma in aka ɗora musu hoton wasiƙar Sarkin Kano Aliyu a gaba za su karance ta a zaune, su kuma nuna inda mai fassara ya kauce.